Wayar Cat 6 a Bayan PlayStation 5: Abin da Ta Gyara da Abin da Ta Kasa

Na shafe kusan shekara guda ina karawa da mutane ta intanet a kan PlayStation 5 ba tare da na taɓa cusa komai a ramin Ethernet, wato ramin jona wayar intanet, da ke bayanta ba, domin na ɗauka cewa na'urar da ta fito a watan Nuwamba na 2020 ɗauke da Wi-Fi 6 ba ta da sauran buƙatar waya. Yau watanni uku ke nan da na sayi wayar intanet nau'in Cat 6 mai tsawon mita 15, na ja ta daga rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, zuwa ɗakin da talabijin yake. Ra'ayina a kanta shi ne ta cancanci saye ga duk mai buga wasa kai tsaye da wasu mutane, sai dai amfaninta ba ya inda yawancin masu saye suke nemansa.

Mutane da dama suna auna intanet da yawan megabit, alhali shi wasan kansa bayanai kaɗan yake aikawa, sau da yawa ƙasa da megabit ɗaya a cikin daƙiƙa. Abin da wasa yake buƙata shi ne kowane ƙaramin ƙunshin bayani ya isa a kan lokacinsa, kuma a nan ne Wi-Fi yake tuntuɓe. A wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto ɗaya yana ɗaukar kimanin milisakan 16.7 ne kawai. Idan ƙunshi ɗaya ya makara da milisakan 50, hotuna uku sun wuce, kuma a wasan dambe ko na ƙwallo wannan ya isa mutum ya danna maɓalli a kan kari amma ya ga duka ya same shi, ko ƙwallo ta kuɓuce masa. Jinkirin da yake tsaye wuri guda hannu yana iya sabawa da shi. Wanda ba a sabawa da shi shi ne mai hawa da sauka, yanzu lafiya lau, an jima ɗan wasa ya daskare a allo sannan ya ɓullo a wani wuri daban. Wannan matsalar ce ta dame ni a da, musamman da dare lokacin da kowa a gida yake riƙe da wayarsa ta hannu, kuma wannan matsalar ce ta ɓace tun ranar da na jona wayar Cat 6.

Dalilin haka yana cikin yadda Wi-Fi yake aiki. Iska hanya ɗaya ce da duk na'urori ke rabawa, don haka kowace na'ura sai ta saurara ta ji babu mai aikawa kafin ta aika nata, idan kuma biyu suka yi karo sai su jira su sake. Ba na'urorin gidanka kaɗai ke cikin wannan layi ba, har da na maƙwabta idan kuna tasha ɗaya. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kacal ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a wannan zangon ne Bluetooth yake aiki, wanda DualSense, hannun wasan PlayStation 5, ke amfani da shi, a nan ne kuma na'urar ɗumama abinci ta maikurowef take fitar da nata motsin. Zangon 5 GHz ya fi sarari da sauri, amma bango yana raunana shi ƙwarai, kuma tsakanin rautata da talabijin akwai bango biyu. Ita kuwa waya hanya ce ta na'ura ɗaya tak, tana aikawa tana karɓa a lokaci guda, babu jiran kowa. Ba banza ba wasanni irin su Street Fighter 6 da Tekken 8 suke nuna alamar ko abokin karawa yana kan Wi-Fi ne ko a kan waya kafin a fara, kuma na lura cewa tun da alamata ta canza, waɗanda ke ƙin karɓar karawa da ni sun ragu.

Game da ita wayar kanta, wadda na saya ta tagulla zalla ce, mai kauri daidai, kawunanta suna shiga rami su kama da kyau, kuma na'urar ta gane ta nan take ba tare da wani dogon saiti ba. Ina ba da shawarar a duba rubutun da ke jikin kwali, domin akwai wayoyin da cikinsu alminiyom ne aka lulluɓe da tagulla, waɗanda ke saurin karyewa idan an lanƙwasa su. Gaskiya kuma ita ce Cat 6 ta wuce buƙata. Ramin PlayStation 5 gigabit ɗaya yake ɗauka, kuma Cat 5e, nau'in wayar da ya gabaci Cat 6, tana kai gigabit ɗaya har tsawon mita 100, yayin da Cat 6 ke iya gigabit 10 zuwa kimanin mita 55. Wanda yake da Cat 5e mai lafiya a ajiye ya yi amfani da ita. Wayoyin Cat 8 da ake tallatawa da sunan na 'yan wasa ne ba za su ƙara wa wannan na'ura komai ba, tunda ramin ne ke yanke iyaka.

Akwai abubuwan da wayar ba ta taɓa ba, kuma ya kamata mai saye ya san su tun da wuri. Tana gyara tazarar da ke tsakanin na'ura da rauta ne kawai. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, saboda haka idan sabar wasan, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana wata nahiya, jinkirin nisa yana nan daram. Idan layin da ke shigowa gida yana da rauni, ko wani a gida yana ɗora manyan bidiyo har layin ya cika, wayar ba za ta ceci wasan ba. Haka nan ba ta canza nau'in NAT, wato ma'aunin sauƙin haɗuwar na'urarka da na sauran 'yan wasa, wanda saitin rauta da kamfanin intanet ke tantancewa. Saukar da wasanni ya ƙara sauri a wurina, amma iyakar abin da layina yake bayarwa: wasa mai gigabait 100 a kan layin megabit 100 zai ci fiye da sa'o'i biyu ko da wace irin waya aka sa.

Babban aibinta shi ne wahalar shimfiɗawa. Sai da na bi gindin bango da ƙananan maɗaurai, na ratsa ƙofa biyu, kuma har yanzu akwai inda take bayyana ga ido. Wanda ba zai iya huda bango ba yana da zaɓin adaftar da ke bi ta wayoyin lantarkin gida, amma ingancinta ya dogara da yadda aka yi wayarin, don haka ba a san sakamako sai an gwada. Adaftar MoCA, mai bi ta wayar eriyar talabijin, ta fi ta tabbas a gidan da ke da irin wannan wayar a bango.

Masu Xbox Series X da Series S sun ma fi ni dalilin jan waya, domin nasu Wi-Fi 5 ne, kuma suna da ramin gigabit ɗaya. Mazaunin da ake ɗora Nintendo Switch na 2017 a kai don haɗa ta da talabijin ba shi da ramin waya sai an haɗa da adaftar USB, amma samfurin OLED na 2021 ya zo da shi. Wanda yake buga wasa shi kaɗai, ko rautarsa tana ɗaki ɗaya da na'urar a kan 5 GHz, zai iya zama a kan Wi-Fi hankali kwance. Ni dai da nake karawa da mutane kusan kowane dare ta bayan bango biyu, ba zan sake cire wayar nan ba.