Wanda ke cika labarai da wanda ke cika maƙabarta

A 2014, da Ebola ta shigo Legas, babu hirar da ake yi a Agege sai tata. Rediyo, talabijin, waya, ko'ina ita ce. Na tuna Inna ta tashe mu da asuba mu yi wanka da ruwan gishiri, saboda jita-jitar da ta bazu. A duk Najeriya mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Tsoron ya yi rana, ban musa ba, don cikin wata uku aka daƙile ta.

To ga zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 cikin ɗari na masu mutuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Da wuya ka ji an buɗe labarai da shi. Kwatar ƙofar gidanmu kuwa tun farkon damina take cike, sauro na ta ƙyanƙyasa.

Hawan jini ma haka, shiru yake aikinsa. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya yanke jiki a rumfarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Labarin benen da ya rufta a Ikoyi a 2021 ya san shi ciki da waje, amma bai taɓa zuwa an auna jininsa ba.