Kafin a zuba kankare

A Ingila ramin fandishan ba ya ganin kankare sai jami'in ƙaramar hukuma ko mai duba gini mai zaman kansa da aka yi wa rajista ya leƙa shi, ko da ɗaki ɗaya za a ƙara a bayan gida. Sai ka tarar magina sun gama haƙa tsaf, sun zauna suna shan shayi, ana jiran mutum ɗaya da tef a aljihu.

Idan ya zo, zurfi yake fara aunawa. A ƙasar laka mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, irin baƙar ƙasar nan da ke tsaga mana katanga a wasu sassan Gombe, sai ramin ya kai wajen mita ɗaya. In akwai bishiya kusa a ƙara zurfi, domin saiwa tana tsotse ruwan ƙasa har gini ya zauna ta gefe guda. In ya ce a ƙara haƙa, babu zancen "ranka ya daɗe, a duba mana". Zai dawo kafin a binne bututun ban-ɗaki, ya dawo ya tabbatar shimfiɗar hana danshi ta ɗara ƙasa da santimita 15, sannan a ƙarshe ya ba da takardar kammalawa. Ranar da za a sayar da gidan, lauyan mai saye ita zai nema.

Su ma ba waliyyai ba ne. Gobarar benen Grenfell da ke Landan ta 2017 ta ci mutum 72, har dokar 2022 ta miƙa dogayen benayen zama, daga mita 18 ko hawa bakwai, ga hukuma ta musamman. Ga jira, ga tsada. Wallahi mutum har kewar ranar zuba kankaren rufin bene a gida Najeriya yake, leburori na tsere da kwanon sarki, kafin magariba an gama.

Amma mu tun 2006 muke da kundin ƙa'idar gini, sai dai da an buga hatimi a kan zane, shi ke nan. Wa ke zuwa ya ga an sa rodi mai milimita 12 inda injiniya ya rubuta 16? Buhun siminti guda a buga bulo arba'in. Kankaren da ke son kwana 28 kafin ya yi ƙwari sosai, mako guda an zare masa katako domin ana jiransa a wani aikin.