Sharhi Kan Katin Tatsuniya da Na Saya wa Yarana

Wata matashiya ce a Unguwar Rimi ta tsara wannan kati, ita ta zana hotunan da hannunta, kuma ta WhatsApp take sayar da shi. Kwali ne ɗan ƙarami, katin da ke ciki an kasa shi kashi huɗu. Akwai na 'yan cikin labari irin su Gizo, Ƙoƙi, Kura, Dila, Dodo, 'yar bora da 'yar mowa. Akwai na wurare kamar bakin rafi da fadar sarki, akwai na kaya irin su ƙwarya da tulu, sai kashi na ƙarshe wanda shi ne gishirin wasan, wato na matsala: fari, yunwa, kishi, alkawarin da aka karya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A raba wa kowa kati biyar. Mai farawa ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sauran su amsa "Ta zo mu ji ta," sai ya ajiye kati ɗaya ya ɗan ja labari. Na kusa da shi dole ya ɗora daga inda aka tsaya da katin da ke hannunsa. Wanda katinsa ya fara ƙarewa shi zai ɗaure bakin labarin ya ce "Ƙurunƙus."

Matsalar farko ba daga katin ta zo ba, daga gida ta zo. Surukata tana ganin ana rabawa ta ce, "Ke 'yar nan, karta kika shigo wa jikokina da ita?" Kuma tana da gaskiyarta, domin a wajenmu karta da caca tare ake ambatonsu. Ko Whot, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1935 kuma ta cika majalisun samari a Kaduna, gidaje da yawa ba sa yarda ta tsallake zaure. Sai da Hajiya ta ga babu lamba a jiki, babu ci babu biya, sannan ta saki ranta. Ina ganin duk mai niyyar tsara irin wannan wasa ga Hausawa ya kamata ya fara tunani daga nan: girman katin da zanen bayansa kada su yi kama da na karta. Wannan ya fi tafin hannun yaro girma, kuma dabara ce mai kyau.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya mayar da yara masu ba da labari. A da, kaka ce ke faɗa da daddare bayan an ci tuwo, yara na sauraro. Yanzu ɗana, wanda da ƙyar yake haɗa jimla uku da Hausa ba tare da ya cusa Turanci ba, shi ne ke neman hanyar da Kura za ta fito daga rijiya domin katin da ya rage masa ke nan. Yakan juya ya ce, "Hajiya, me ake kiran igiyar da ake ɗebo ruwa da ita?" ta ce masa igiyar guga. Kalmomin da makaranta ba ta ba shi ba, buƙatar labari ta sa ya nema da kansa.

Amma akwai abu biyu da suka dame ni ƙwarai. Na farko, babu waƙa. Tatsuniyoyinmu da yawa a kan waƙa suke tafiya. Yarinya ta rera, Dodo ya amsa, masu sauraro su kama amshi. Wurin nan ne yaro ke haddacewa. Da an sa ko da kati kaɗan ne masu tilasta wa mai riƙe da su ya rera baiti, da wasan ya kama ƙasa sosai. Na biyu, an wanke Gizo fiye da kima. A hoton ya fito da fara'a kamar yaron kirki, kuma bayanin da ke ƙasa "mai hikima" kawai ya ce. Gizon da muka sani makwaɗaici ne, mayaudari, mai tsamin baki, wanda ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga wayonsa ba. Idan aka cire masa wannan hali, yara ba su da abin da za su yi gardama a kai. Kuma kayan aiki ba su yi ƙaranci ba: Frank Edgar ya buga juzu'i uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara wasu domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970.

Ta fuskar bugu, launin ya fito da kyau, sai dai takardar ba ta da kauri, gefunan sun fara naɗewa, kuma a wasu katin an bar ƙ da ɗ babu lanƙwasa. Ga abin da ake so yara su koyi karatu da shi, wannan sai an gyara.

Duk da haka ina ba iyaye shawara su saya, musamman masu yara 'yan firamare. Waɗanda ba su iya karatu ba tukuna za su iya bi da hoto, muddin akwai babba a zaune da zai riƙa kamo zaren labarin idan ya kuɓuce musu.