Kolcisin ko kanakinumab: wanne ya fi wajen kumburin jijiyoyin zuciya?

Idan kitse ya maƙale a bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini kan haɗiye shi, su tayar da kumburin da ke fasa tarin kitsen, jini ya daskare.

Kanakinumab allura ce duk wata uku, tana toshe IL-1β kaɗai, wato wani sinadarin jiki mai tayar da kumburin. A gwajin CANTOS na 2017, miligiram 150 ya rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 15, amma mace-mace daga cututtuka masu yaɗuwa sun ƙaru. Ga tsada kuma.

Kolcisin kuwa ƙwaya ce mai araha, miligiram 0.5 kullum, tana rage kuzarin fararen ƙwayoyin. Takan jawo gudawa, kuma tana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda mai tsanani. Ita ta fi dacewa da yawancin marasa lafiya, amma tare da statin, wato maganin rage kitsen jini.