Barbarar zamani a turkena: madara ta ƙaru, hidima ma ta ƙaru

Ga wanda yake ajiye shanu a gida don madara, barbarar zamani tana biyan kuɗinta. Na sa an yi wa Bunajina, fararen shanun Fulanin nan, a nan Daura, 'ya'yan sun girma sun haihu, su ake tatsa yanzu, don haka abin da na gani da idona zan faɗa.

Wani malamin dabbobi mai zaman kansa ne yake zuwa daga Katsina ya yi aikin. Yana ɗauko maniyyin bijimin Firisiyan, baƙaƙe-da-farin nan da asalinsu Holan ne, a cikin tulun ƙarfe mai tsananin sanyi, ya narkar da shi, ya ɗura wa saniya. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, mutumin kuma yana da tsabta da haƙuri. Wahalar tana wajen gane lokacin da saniya take neman bijimi. Abin yana zagayowa kusan duk bayan kwana 21, kuma Bunaji ba ta cika nunawa a fili ba, sau da yawa cikin dare take yi. Ya koya mini cewa in na ga alama da safe a ɗura da yamma, in da yamma na gani a ɗura washegari da safe. Wasu sun ɗauka a karon farko, wasu sai da aka maimaita, kowane zuwa kuma da kuɗinsa. Ciki dai wata tara ne kamar na kowace saniya.

Wajen madara ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Uwayen, bayan maraƙi ya sha, da ƙyar suke ba ni lita biyu a rana. 'Ya'yansu ruwa-biyu, in sun ƙoshi, suna kai lita bakwai zuwa takwas, safe da yamma a haɗe, kuma suna daɗewa ana tatsa kafin nono ya ƙafe. Sun kuma yi saurin balaga. Karsanar Bunaji sai ta haura shekara huɗu ba ta yi haihuwar fari ba, waɗannan kuwa wajen shekara uku suka haihu. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana haɗa Firisiyan da Bunaji saboda haka. Sai dai uwargida, wadda ita take kaɗa nono, ta riga ni lura da abu ɗaya: madarar ba ta kai ta Bunaji kauri ba, man shanun da ake samu a ƙwarya guda ya ragu. Kindirmo yana kamawa lafiya lau, masu fura ba su taɓa dawo mana da shi ba, amma wanda mai yake nema ya san da wannan.

Jiki ma ya canza. Tozo ya kusa ɓacewa, ƙaho gajere, gashi baƙi ko baƙi da ɗigon fari, hantsa babba mai sauƙin kamawa. Suna da sanyin hali, yaro ma yana tatsarsu. Mazan kuwa sun ba ni ciwon kai a kasuwar Mai'aduwa. Manomi mai neman shanun huɗa yana son tozon da karkiya za ta zauna, mai sayen na yanka kuma idonsa ya saba da farin sa mai ƙaho. Ga nama a jikinsu, amma sai an daɗe ana ciniki.

Inda nake ganin malamin ya gaza shi ne bai zaunar da ni ya faɗa mini nauyin da zan ɗauka ba. Maganar lita kawai ya yi ta yi. Ruwa-biyu ba saniyar da za a kora daji ta yini tana tsintar ciyawa ba ce. Tana son harawa, kowar wake, dusa, ƙulin anguryar auduga da gishirin lasa, ga ruwa a gabanta koyaushe. Ranar da abinci ya ragu, a ƙwaryar tatsa za ka gani tun kafin jikinta ya nuna. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, za ka tarar da ita tana haki a lokacin da uwarta take tsaye a rana ko a jikinta, dole na kafa rumfa. Da damina kuma kaska ta fi kama ta, kirci yana biyo baya, ga ciwon hantsa in mai tatsa bai wanke hannu ba. Rigakafin boru, wato ciwon baki da kofato, da na ciwon huhu ba a wasa da su. Na ga wani maƙwabci ya saki nasa cikin garke kamar sauran, kafin rani ya fita sun rame har abin tausayi, kuma raina ya ɓaci domin da an yi masa bayani da bai jefa dabbobin cikin wannan hali ba.

Da karsanun suka isa barbara, ya ba ni shawarar a sake ɗura musu Firisiyan zalla. Na ƙi. 'Ya'yan da za su haifa za su zama kashi uku cikin huɗu jinin waje, juriyar zafi da cuta da suka gada daga Bunaji ta ƙara raguwa, ni kuma ba ni da halin sanyaya musu turke a zafin Daura. Rabi da rabi ya ishe ni. Na nemi ya samo mini na bijimi ruwa-biyu wanda aka san uwarsa da yawan nono, kuma na ce ya riƙa rubuta mini sunan bijimin da ranar da aka ɗura, don kada wata rana a haɗa 'ya da ubanta.