Fankar sola a rufin jirgin ruwa: ta kori fumfuna, zafi kuwa yana nan

Duk mai jirgin ruwa mai filafilai a Legas ya san halin damina. Daga Afrilu zuwa Yuli, in ka kulle jirgi ranar Lahadi ka dawo Asabar, za ka tarar katifu sun sha danshi, fumfuna ta yi ɗigo-ɗigo a silin, ga warin dizal da na banɗaki sun gauraya. Abin da ya sa na ɗora fankar sola guda biyu a rufin namu ke nan. Yanzu da suka ga damina suka ga hunturu, zan iya faɗin ra'ayina.

Kowacce faifai ce mai murfin ƙarfen da ba ya tsatsa, da ɗan allon sola a sama, fanka a ƙasa, da batir guda ɗaya a ciki mai cin caji da rana don ta yi aiki da dare. Ba waya, ba ruwanta da batirin inji. Ana sayar da ta inci 3 da ta inci 4, ni manyan na saya. Kwalin ya ce tana fitar da iska kubik-ƙafa 1,000 a awa. Adadin da girma a ido, amma in ka raba shi da minti 60 bai kai 17 ba. Saboda haka wanda ya saye ta don ya sha iska da tsakar rana ya yi asarar kuɗinsa. Aikinta shi ne ta riƙa jan iskar ɗaki a hankali, dare da rana, lokacin da jirgi ke kulle ba kowa. Wannan kam ta yi shi. Katifu sun bushe, warin ya ragu ƙwarai, fumfuna sai ɗan abin da ba a rasa ba a lungun durowa.

Wahalar tana wajen hudawa. Rufin irin waɗannan jirage ba faiba (roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi) zalla ba ne. Faiba ce sama da ƙasa, a tsakiya kuma katakon balsa ko soso mai tauri. Da ka yanke ramin, ka buɗe wa ruwa ƙofa zuwa wannan tsakiyar, kuma balsa in ya jiƙa ruɓewa yake yi a ɓoye, sai wata rana ka taka wurin ka ji yana lotsawa. Dole a ƙwaƙule katakon kaɗan a kewayen ramin, a cike da gam ɗin ifoksi, a bari ya bushe, haka ma kowane ramin sukuru. Wajen zaunar da ita kuma kada a yi amfani da gam mai riƙon har abada, domin akwai ranar da za a ciro ta. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ta wuce wannan batu da sauri, kuma a ganina babban aibinta ke nan.

Ɗaya na sa a kan banɗaki tana fitar da iska, ɗaya a gaba tana shigarwa, tunda kowacce ta zo da fuka-fuki iri biyu. In duka fitarwa suke yi kuma babu ta inda sabuwar iska za ta shigo, juyi kawai suke. A kuma lura da inuwa. Ta banɗakin tana ƙarƙashin filafili idan an naɗe shi, shi ya sa wani lokaci kafin asuba ta yi shiru. Da hunturu kuma hazo yana rufe allon, sai an riƙa gogewa da tsumma.

Akwai ƴar ƙara da ake ji cikin dare, ni dai ba ta hana ni barci. Igiyar filafilin gaba takan maƙale da murfin, kuma mai yawo ba takalmi ya kula da yatsunsa. Kafin a fita bakin teku inda igiyar ruwa ke hawa saman jirgi, a rufe makullin da ke ciki. In ba haka ba, ruwan gishiri zai sauko kan gado.

Mai tafiya mai nisa cikin teku ya fi buƙatar akwatin Dorade, wanda ke shigar da iska ya tare ruwa, ba inji ba batir. Sunan daga jirgin da Olin Stephens, wani mai zanen jiragen ruwa, ya zana a 1929 ne. Amma shi sai iska na kaɗawa yake aiki, mu kuwa namu jirgin ya fi daɗewa a ɗaure cikin lagun, wato tafkin Legas. Da za a ce in sake, zan saya, sai dai ta banɗakin zan matsar da ita gefe, ta fita daga inuwa.