Tsohon gida a cikin gari ko sabon gini a bayan gari?

Duk mai iyali da ya fara neman gidan saye sai ya zo nan ya tsaya, kuɗin da zai ba ka sabon gini da fili a bayan gari da ƙyar zai kama maka tsohon gida a unguwar da ta daɗe da zama. Kuma gaskiya a tsohuwar unguwa ba bulo da siminti kake biya ba, kwalta kake biya da magudanar ruwa da makaranta a kusa da asibitin da za ka ruga da yaro cikin dare, ga maƙwabta da suka san fuskar yaranka. Bayan gari kam akwai fili akwai iska, amma ka zauna ka lissafa kuɗin mota safe da yamma kai da yara na shekara goma tukunna ka ce ya fi araha.

To in zuciyarka ta kwanta da tsohuwar unguwar, iri biyu za a nuna maka, wanda aka shafa wa fenti don a sayar da wanda aka bari yadda yake. Ni dai wallahi na fi samun natsuwa da na biyun saboda aibinsa a fili yake. Ka tsuguna ka shafa gindin bango, in ka ji sanyi ko fenti ya kumbura yana ɓarewa da wani farin gari kamar gishiri to danshi ne ke hawowa daga ƙasa, sabon fenti kuwa 'yan watanni kaɗan zai ɓoye shi. Tsaga siririya kamar gashi yawanci filasta ce kawai, amma wadda ta taso daga kusurwar taga ta tafi a karkace kuma ƙofa tana cijewa, wannan maganar tushe ce sai injiniya ya duba. Ka buɗe famfo, in ruwan ya fara zuwa ja-ja bututun ƙarfe ne ya yi tsatsa. Wayoyin wuta na da ma ba don firji da hita aka ja su ba.

Mai yara masu rarrafe dan Allah ya tambayi irin tsohon fentin, akwai mai dalma a ciki wanda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, Amurka tun 1978 ta hana shafa shi a gidajen zama amma tsofaffin bango a ko'ina ana iya samunsa.

Sai takardu. Tsofaffin gidaje da yawa na gado ne, kar ka ba da ko sisi sai duk magada sun sa hannu, kuma ka je hukumar filaye da lauyanka a tabbatar ba a jinginar da shi a banki ba. Kafin nan ka koma layin ba tare da dillali ba, sau ɗaya da daddare sau ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa ke kwanciya.